Jagwalgwalon da Ya Shiga Gidan Tarihi

A farkon watan Nuwamba na 1924 wani jirgin ruwa mai suna Andes ya iso tashar Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ɗauke da wani dattijo ɗan Indiya mai dogon farin gemu wanda mura mai zafi ta kayar a kan teku. Rabindranath Tagore ke nan, marubucin waƙoƙi da harshen Bangali, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1913, mutum na farko daga wajen Turai da aka ba wa ita. Ƙasar Peru ya nufa, domin an gayyace shi bikin cika shekara 100 da yaƙin Ayacucho, yaƙin da ya karya lagon mulkin Sifaniyawa a can. Likitoci suka duba shi suka ce zuciyarsa ba za ta jure sauran tafiyar ba. Dole ya yada zango.

Wata mata 'yar babban gida, Victoria Ocampo, mai shekara 34, ta ji labari. Ta daɗe tana karanta waƙoƙinsa a fassarar Faransanci, kuma ta ƙudura a ranta ba za a bar irin wannan baƙo a otal ba. Ta yi ruwa ta yi tsaki, har ta sayar da wani kayan adonta na lu'ulu'u, ta kama masa hayar wani gida mai suna Miralrío a San Isidro, a bakin kogin Plata. Nan ya zauna kusan wata biyu tare da sakatarensa, wani Bature ɗan Ingila mai suna Leonard Elmhirst.

A wannan gida ne idonta ya kai ga littafin da yake rubuta sababbin waƙoƙinsa a ciki. Ba ta iya karanta Bangali ba, kuma mai yiwuwa rashin iyawar ne ya sa ta ga abin da masu iya karatun suka yi ta tsallakewa. Tagore ba ya soke kuskure yadda sauran marubuta ke yi, a ja layi ɗaya a wuce. In kalma ba ta yi masa ba, sai ya zagaye ta da alƙalami, ya cike ta da tawada har ta ɓace. In akwai wata sokakkiyar kalma a baiti na uku ko na huɗu a ƙasa, sai ya jawo wani siririn layi ya lanƙwasa shi ta tsakanin sahun rubutun, ya bi ya haɗa su. Daga nan hannu ya samu abin yi. Baƙin tabon da ke sama ya yi baki mai tsini, na ƙasa ya yi ƙafa, layin da ya haɗa su ya zama dogon wuya, sai ga tsuntsu tsaye a tsakiyar waƙa. A wani shafin kuma wata dabba ce mai kama da kada ko ƙadangare, irin wadda ba a taɓa gani a doron ƙasa ba, ta naɗe baitocin da suka tsira daga sokewa. A wani kuma fuska ce ke leƙe.

Ocampo ta roƙe shi ya bar ta ta ɗauki hoton wasu shafuka, ya yarda. Waƙoƙin suka fito a 1925 a littafin da ya kira Purabi, ya kuma sadaukar mata da shi da sunan da ya laƙaba mata, Vijaya, wato nasara, ma'anar sunanta ke nan. A bugun maɗaba'a ba tsuntsu ba kada, waƙa ce zalla. Dabbobin suna can cikin rubutun hannu.

Shekarunsa 63 a lokacin, kuma ba wanda ke lissafa shi cikin masu zane, har shi kansa. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne gidansu gidan masu zane ne. 'Ya'yan danginsa biyu, Abanindranath da Gaganendranath Tagore, su ne a sahun gaba na zanen zamani a Indiya. A makarantar da ya kafa a Santiniketan an buɗe sashen koyar da zane, Kala Bhavana, a 1919, daga baya ƙwararre Nandalal Bose ya shugabance shi. Shi kuwa mai gidan ya taɓa gwadawa ya bari. A wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa masanin kimiyya Jagadish Chandra Bose a 1900, ya yi wa kansa ba'a cewa ya fi amfani da abin gogewa fiye da fensir ɗin kansa, don haka babban mai zanen Turai Raphael ya kwanta cikin kabarinsa hankali kwance. Da ya zauna da niyyar zane, hannu ya ƙi. Da ya zauna gyaran waƙa, hankali na wani wuri, hannun ya yi abin da ya ga dama.

Wannan ɗabi'a ta girmi Tagore nesa ba kusa ba. Duk inda aka ba ɗan Adam abin rubutu aka zaunar da shi, gefen takarda bai tsira ba, sai dai akasarin abin da aka zana ya bi shara. Kaɗan da suka rage, sa'a ce ta ajiye su.

Shahararren misali ya fito daga Novgorod, wani tsohon birnin kasuwanci a arewa maso yammacin Rasha. Mutanen birnin a da suna karta rubutu a kan ɓawon wata bishiya da tsinken ƙarfe ko na ƙashi, in sun gama su yar. Ƙasar wurin taɓo ce mai riƙe ruwa, iska ba ta ratsa ta, shi ya sa ɓawon bai ruɓe ba. An tono wasiƙa ta farko a watan Yuli na 1951. A 1956 masu haƙa suka ci karo da tarin ɓawon wani yaro mai suna Onfim, wanda ya rayu wajen 1260, kuma ana ƙiyasta bai wuce shekara shida ko bakwai ba. Duka-duka guda 17 ake jinginawa gare shi. A ɗaya daga ciki ya fara rubuta haruffa bi da bi kamar yadda aka sa shi, bai kai ƙarshe ba ya gaji, ya zana wani barde a kan doki yana soke abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe don kada a yi tantamar wane ne barden. A wani ya zana wata dabba mai dogon wuya da wutsiya a murɗe, ya rubuta cewa shi ne dabbar, ya haɗa da gaisuwa ga wani Danilo, wanda ake zaton abokin karatunsa ne. Mutanensa hannayensu kamar manjagara, yawan yatsun ma bai daidaita ba daga wannan zuwa wancan. Malamin da ya koyar da shi ba a san sunansa ba. Attajiran unguwar su ma an manta da mafi yawansu. Yaron da ya ƙosa da darasi shi duniya ta sani.

Alexander Pushkin, babban mawaƙin Rasha da ya rasu a 1837, shi ma gefen takardunsa cike yake da fuskoki ta gefe, na abokai, na mata, da nasa. Bayan an rataye mutum biyar daga cikin waɗanda suka yi wa sarki tawaye a Disamba 1825, waɗanda ya san wasunsu, sai ga gungumen rataya da gawawwaki biyar suna bayyana a takardunsa. Abin da baki bai isa ya furta ba a ƙarƙashin sarki Nicholas na ɗaya, hannu ya zana shi a gefe. Sai da aka yi kusan ƙarni guda kafin wani masani, Abram Efros, ya fitar da littafi sukutum a kan waɗannan zane-zane a 1930. Yau takardun suna ajiye a Gidan Pushkin da ke birnin Saint Petersburg.

Onfim dai yaro ne, kuma darajar ɓawonsa ta tarihi ce. Pushkin bai taɓa fitar da zanensa daga gefen waƙa ba. Tagore ne ya yi abin da su ba su yi ba. Wajen 1928 ya daina jiran kuskure. Ya ɗauki farar takarda wadda ba rubutu a kanta ya fara ja, ba tare da ya tsara abin da zai fito ba. Kayan aikinsa na marubuci ne, alƙalamin ruwa da kwalaben tawada masu launi. In bakin alƙalamin bai ba shi kaurin da yake so ba sai ya juya ya yi da gindinsa, ko ya sa tsumma, ko yatsa. Yana aiki da sauri, sau da yawa a zama ɗaya ya gama, domin tawada ba ta jira. Ba ya sa wa zanensa suna, kuma in an tambaye shi ma'ana ba ya bayarwa.

Da farko tsuntsaye ne da dabbobin da ba su da suna. Daga baya fuskoki suka yi yawa, musamman na mata masu doguwar fuska, lulluɓe, ido cike da damuwa, sai kuma itatuwa baƙi ƙirin a gaban sararin sama mai ruwan ɗorawa. Wanda ya san waƙoƙinsa masu taushi da natsuwa zai yi mamaki, don zanen duhu ne da ban tsoro a wurare da dama. Wasu masu bincike, cikinsu har da marubuciya Ketaki Kushari Dyson, sun kawo hujjoji cewa idonsa ba ya rarrabe launin ja sosai, kuma hakan na iya bayyana yadda yake haɗa launuka. Ko ma dai mene ne, a gida ba a ɗauki abin da muhimmanci ba da farko. Dattijo ne mai daraja, in ya ga dama ya yi wasa da tawada, wa zai hana shi?

Ocampo ce ta sake shigowa. A 1930 Tagore ya iso kudancin Faransa da tarin zanensa, suka haɗu a Cap Martin, ya nuna mata. Samun zauren baje koli a Paris abu ne da akan yi watanni ana jira. Ita kuwa ta san mutane kuma tana da abin hannu. Cikin ɗan lokaci ta samo Galerie Pigalle, ta ɗauki nauyin hidimar, mawaƙiya Anna de Noailles ta rubuta gabatarwar ɗan littafin baje kolin, aka buɗe a farkon watan Mayu na 1930. Daga nan zanen ya zaga Birmingham, Landan, Berlin, Munich, Dresden, Copenhagen, Geneva da Moscow, ya tsallaka Amurka zuwa Boston da New York. Sai bayan duk wannan yawo mutanen garinsu Kalkata suka samu ganinsa da kyau. Ocampo da Tagore kuwa ba su sake haɗuwa ba bayan wannan shekara.

Lokacin ma ya taimaka masa. A 1924, shekarar da yake kwance a San Isidro yana mayar da kuskure tsuntsu, André Breton ya fitar da sanarwar wata sabuwar ƙungiyar masu fasaha a Paris da ke ganin cewa a saki hannu ya yi tafiyarsa ba tare da tunani ya sa masa linzami ba. Mai zane André Masson yana yin haka da gangan, ya bar alƙalami ya yi ta yawo a takarda har siffa ta ɓullo. Saboda haka Turawan da suka shiga Galerie Pigalle an riga an shirya idonsu. Da shekara 40 kafin nan aka kawo musu waɗannan takardu, da wuya a ba su bango.

A Jamus aka fi karɓarsa hannu biyu-biyu, har wasu zanensa suka shiga babban gidan ajiye zane na Berlin. A 1937 gwamnatin Nazi ta sauke su, ta lissafa biyar cikin abin da ta kira gurɓatacciyar fasaha, tare da ayyukan manyan masu zanen Turai na zamanin. Irin wannan ƙiyayya ma wata shaida ce, don ba a kafa wa wasan yara doka.

Kafin rasuwarsa a watan Agusta na 1941 ya bar zane sama da 2,000, akasarinsu cikin shekara 13 na ƙarshen rayuwarsa. Mafi yawa suna Rabindra Bhavana a Santiniketan. A shekarun 1970 gwamnatin Indiya ta sa ayyukansa cikin dukiyar ƙasa da doka ta hana fitarwa waje. Waɗanda suka riga suka fita su ne ke shiga kasuwa. A watan Yuni na 2010 kamfanin gwanjo na Sotheby's a Landan ya sayar da guda 12 da ya taɓa ba wa Elmhirst, wancan sakatare nasa, a kan kimanin fam miliyan 1.6.

A nan ya kamata a yi hattara, don labarin na iya sa mutum ya ɗauka duk abin da biro ya zaga a bayan ambulan abin ajiyewa ne. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ake jagwalgwalawa a taron ofis, akwatuna da kibiyoyi da sa hannu sau goma, amfaninsa ya ƙare a wurin. Amfanin ma akwai shi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Plymouth ta Ingila, Jackie Andrade, ta gwada mutum 40 a wani bincike da aka buga a 2009. Ta sa su sauraren wani saƙon waya mai gundura, rabinsu suna cike siffofi a takarda, sai aka tarar masu wasa da fensir ɗin sun fi sauran tuna abin da aka faɗa da kimanin kashi 29 cikin 100. Wannan ya wanke ɗalibin da ake yi wa tsawa, amma bai mayar da shi gwani ba. Abin da Tagore yake da shi, wanda mai zaman taro ba shi da shi, hannu ne da ya yi fiye da shekara 50 yana jan haruffan Bangali masu lanƙwasa kullum, da kunnen da ya saba auna kari da amsa-amo. Shi kansa ya ce horon da ya samu kaɗai na kari ne, a tunani da sauti. Pushkin ma haka, ɗan alƙalami ne. Hankali na iya tafiya yawo, amma hannun da aka bari a gida horarre ne.

Babu wanda ya tabbatar da wannan kamar Ibrahim El-Salahi na Sudan, kuma labarinsa ya fi kusa da gida.

An haife shi a Omdurman a 1930, shekarar baje kolin Paris. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira khalwa. A nan ya fara riƙe alƙalami, a nan kuma ya ga yadda ake yi wa allon ɗalibi ado idan ya kai wani mataki na karatu. Ya yi karatun zane a Khartum, ya tafi makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da salon Turawa. Ya baje kolinsa a Khartum, mutane suka zo buɗewa, suka sha lemo, ba su dawo ba. Wannan ya sa ya koma ya duba abin da mutanensa ke ratayewa a ɗakunansu, ya tarar rubutun Larabci ne da adon gargajiya. Sai ya fara farfasa haruffa, yana jan wutsiyarsu, yana leƙa sararin da ke tsakaninsu, har fuskoki da dabbobi suka fara fitowa daga ciki. Nijeriya na cikin wuraren farko da suka gane shi a waje, domin ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta baje ayyukansa a farkon shekarun 1960.

A watan Satumba na 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, aka kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki ga shugaban ƙasa Ja'afar Numeiri. Aka kai shi kurkukun Kober, ya yi sama da wata shida ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. An hana fursuna takarda da fensir, wanda aka kama da su kuwa sai ɗakin kaɗaici. El-Salahi ya samu wani guntun fensir ya ɓoye. Takardar buhun siminti da ake naɗo abinci a ciki ita yake yayyagawa ƙanana, ya yi ɗan zane a kan kowace, in ya ji motsin gandiroba ya tura ta cikin yashi ya rufe. Ƙanƙantar takardar ta koya masa wata dabara. Sai ya fara da ɗigo ko 'yar siffa a tsakiya, in ta cika ya kawo wata takardar ya jona a gefe, zanen ya ci gaba da yaɗuwa, shi kansa bai san inda zai tsaya ba. Waɗancan guntaye sun zauna a yashin Kober. Dabarar ce ta fito tare da shi.

Bayan an sake shi, yana zaman ɗaurin talala a gida a 1976, ya cika wani ɗan littafi da zanen tawada da rubutu kan abin da ya gani a tsare. Wannan littafi yanzu yana hannun gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, an kuma buga kwafinsa a 2018. Babban aikinsa na 1984 zuwa 1985 kan tashin talakawa a kan zalunci, falle tara ne aka jera suka zama hoto ɗaya, bisa waccan dabara ta kurkuku. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin ayyukan rayuwarsa, karo na farko da aka yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka a wurin. Da tsufa ya zo da ciwon baya, ya kasa tsayawa gaban babban allo, sai ya koma inda ya fara. Yana zaune a kujera a gidansa na Oxford, in ya shanye magani sai ya buɗe kwalin ya baje shi, ya yi zane a cikinsa da alƙalami, yana bin layin naɗin kwalin da ɗigogin rubutun makafi da ke jiki. Ya ce yin hakan na ɗauke masa hankali daga ciwon. Ɗaruruwa ya yi, kuma an nuna wasu a babban baje kolin Venice na 2022.

Wanda ya tsara baje kolin Tate, Farfesa Salah Hassan na Jami'ar Cornell, ɗan Sudan ne, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littafinsa na 1992 a kan fasaha da karatun Musulunci a tsakanin Hausawan arewacin Nijeriya yake, inda ya yi nazarin aikin malaman da ke zayyana allo. Ashe idon da ya auna El-Salahi ya daɗe da sanin allon zayyana.

Hannun da ake magana a kai, wato wanda rubutu ya horar, ƙasar Hausa da Borno ba su rasa shi ba. Almajirin da ya yi shekaru yana fiƙe alƙalami, yana dama tawadar gawayi da ƙaro, yana rubuta allo safe da yamma, ya san nauyin layi da kaurinsa fiye da ɗaliban zane da yawa. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya zauna yana ƙawata alamar hizbi da rubu'i da sumuni da sujada a gefen shafi da ja da ɗorawa, kusan kowace da irin tata siffar, mai zane ne ko bai amsa sunan ba. Wannan ado da zayyanar allon sauka da gangan ake yin su, kuma ana ajiye su. Amma tsarin allo tsarin wankewa ne. Abin da yaro ya zana a ƙasan allonsa kafin malam ya waiwayo, da gwajin alƙalamin da marubuci ya yi a guntuwar takarda kafin ya fara aiki, ba su da taɓon Novgorod da zai ɓoye su. A makarantar boko kuma littafin da aka gama da shi ya san makomarsa, wajen mai ƙosai ko mai tsire.

Gefen shafi kuwa ya riga ya nuna abin da yake iya ɓoyewa a wannan yanki. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani ɗan Ingila, A. D. H. Bivar, ya duba wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno, ɗaya daga ciki mai ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 1669. Ƙananan rubuce-rubucen da malamai suka cusa a tsakanin layuka da gefe sun zamo tsohon harshen Kanembu ne, kuma suna cikin mafi daɗewar rubutun wani harshen Afirka ta Yamma da ajami da aka sani. Waɗanda suka rubuta su taimakon karatu kawai suke nema.

Har yanzu akwai gafakoki da adakoki a zaurukan Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Damagaram da Agadas cike da takardun kakanni, gara da ɗigon damina suna cin rabonsu kowace shekara. Masu gadonsu sukan ware littafin da suka san sunansa, su ƙone ko su binne ragowar guntayen da suka ga kamar ba komai a kansu sai gwajin alƙalami da 'yan zane. Kafin a yi haka, a nuna wa waɗanda aikinsu ke nan. Gidan Arewa a Kaduna, sashen adana rubuce-rubuce na Jami'ar Bayero a Kano, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da cibiyar binciken IRSH a Yamai duk suna ajiye tsofaffin rubutun hannu. Wanda ba ya son rabuwa da takardun gidansu, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, gaba da baya, kuma kada ya yanke gefen.